Tambaya da Amsa: Ubangida, Yaron Shago da Ranar Yaye

Yawancin wasiƙun wannan watan daga Legas suka zo, kuma a kan abu ɗaya suke: yadda babba zai ja yaro a jiki ya koya masa, da yadda yaro zai zauna a ƙarƙashin babba ya amfana. Mun zaɓi huɗu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata 23, ina zaune a Agege. Da acaɓa nake yi a Ikeja, tun da aka hana a 2022 nake ta buga-buga. Ina so in koyi gyaran waya a Computer Village, babbar kasuwar wayoyi ta Ikeja. Ta yaya zan gane ubangidan da zai koya mini da gaske? Daga wani matashi, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka fara da neman wanda shagonsa ya fi cika. Ka tambaya: yara nawa ya yaye, kuma ina suke yanzu? Idan aka nuna maka biyu ko uku da suka kafa teburinsu, je ka gaishe su, ka tambaye su wata nawa suka yi kafin ya bari su buɗe waya da hannunsu, da kuma abin da ya yi musu ranar da suka lalata wayar kwastoma. Amsar nan ta biyu ita za ta nuna maka halinsa. Akwai gwanin da hannunsa ya iya amma bakinsa bai iya bayani ba, akwai kuma mai ɓoye aiki, wanda sai ya aike ka sayen abinci duk lokacin da gyara mai wuya ya shigo.

Kada ka je kai kaɗai. Tafi da babba, ko yayanka ko limamin masallacinku, a rubuta takarda. A sa tsawon lokacin koyo, kuɗin koyo da yadda za a biya shi, lokacin zuwa da tashi, ko zai riƙa ba ka na mota da na abinci, da wanda zai biya idan kaya ya lalace a hannunka. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce yarjejeniyar koyon sana'a ta kasance a rubuce, kuma kada ta wuce shekara biyar. A ganinmu gyaran waya bai kai nan ba, shekara ɗaya zuwa biyu ta isa ga mai zuwa kullum.

Ka nemi a koya maka bi da bi: kwance waya da mayar da ita ba tare da ƙusa ko ɗaya ta yi saura ba, canza gilashi da batir da wurin caji, awo da mita, liƙi da dalma, sannan aikin manhaja. Ka sayi matattun wayoyi biyu ko uku ka riƙa gwaji a kansu. Ka ajiye ƙaramin littafi, duk wayar da ta shigo ka rubuta alamar cutarta, abin da aka gano, da abin da aka canza. Bayan wata shida littafin nan zai riƙa ba ka amsa kafin ka tambayi maigida. Ka kuma koyi gaisuwar Yarbanci da turancin buroka, domin yawancin masu kawo maka aiki ba Hausawa ba ne. Wayar da aka kawo a cire mata makulli babu rasit babu kwali, kada ka taɓa ta, ko da maigida ne ya ce ka yi.

TAMBAYA: Ina sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12. Yara uku na ɗauko daga gida a lokuta daban-daban, biyu sun gudu da kuɗina. Har na fara tunanin daina ɗaukar yara. Daga wani Alhaji, Mile 12.

AMSA: Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Amma muna roƙonka kada ka daina, domin yaron da ba ka ɗauka ba a tasha zai ƙare, kuma kai ma wani ne ya nuna maka hanyar kasuwar nan. Abin da za ka canza shi ne yadda kake ba da amana.

Kuskuren da aka fi yi iri biyu ne. Wani yana riƙe yaro shekara uku bai san komai ba sai ɗaukar kwando, rana ɗaya kuma tafiya ta kama shi, ya damƙa masa cinikin mota guda. Wani kuma ba ya yanka wa yaro komai, sai ɗan abin da ya ga dama idan ciniki ya yi kyau. Yaron da ke ƙirga maƙudan kuɗi da rana ya kwana ba shi da na sabulu, an sa shi a jarrabawar da manya ma ke faɗuwa.

Ka raba koyon gida huɗu. Wata ukun farko ya san kaya: ya bambance tumatirin da zai kwana biyu da wanda dole a sayar yau, ya san albasar da ta sha ruwa, ya san yadda ake jera kwanduna kada na ƙasa ya matse. Daga nan ya tsaya kusa da kai lokacin ciniki, kana faɗa masa dalilin da ya sa ka sallama wa wannan ka hana wancan bashi. Wannan bayanin shi ne ainihin koyarwar, kuma shi ne iyayen gida suka fi yin rowarsa. Mataki na uku ka ba shi kwando biyar ya sayar da kansa, ku zauna da yamma ku yi lissafi a rubuce: nawa aka saya, kuɗin mota da na sauke kaya, abin da ya ruɓe, abin da ya saura. Idan lissafinsa ya yi daidai wata uku a jere, a ƙara masa. Idan ya samu giɓi, a bincika a ranar, a keɓe, ba a gaban mutane ba. Kuɗin da kwastoma zai turo ta banki kuwa ya shiga asusun kasuwancin, kada ya bi ta asusun yaro.

Na huɗu shi ne ƙiradi, wanda malamanmu na fiƙihu suka yi bayaninsa tun da daɗewa: jari naka, aiki nasa, riba a raba bisa kason da kuka amince tun farko, rabi da rabi ko kashi uku a ba shi ɗaya. Ba a yanka wa ɗayanku adadin kuɗi tsayayye. Idan aka yi asara ba da sakacinsa ba, a kan jari take, shi kuma ya yi asarar wahalarsa. A rubuta, a kafa shaidu biyu.

Tun ranar da ya zo ka yanka masa kuɗin mako, ka kuma ajiye masa wani abu a gefe da saninsa, ka faɗa masa shekarar da za ka yaye shi a gaban wanda ya kawo shi. Yaron da ya san ranarsa yana da abin da zai rasa idan ya gudu.

TAMBAYA: Shekarata bakwai a shagon maigidana a kasuwar Alaba. Duk lokacin da na yi maganar sallama sai ya ce in ƙara haƙuri. Daga wani mai karatu, Ojo.

AMSA: Shekara bakwai ta isa. Maƙwabtanku 'yan ƙabilar Ibo suna yanka wa'adi tun farko, idan ya cika maigida ya ba yaro jari, Yarbawa kuma suna yin bikin yaye wanda ya gama koyon sana'a. Mu ne muka fi barin maganar a kan kunya, kunyar kuma takan ƙare da gaba. Kada ka yi fushi ka fita, kada kuma ka fara janye masa kwastomomi a ɓoye. Samu dattijon da maigidanka ke jin nauyinsa, ku zauna ku uku. Ka fara da godiya, sannan ka nemi a sa wata da shekara. Idan ba shi da kuɗin da zai ba ka, ka nemi ya riƙa ba ka kaya bashi kana biya bayan ka sayar, ko ya tsaya maka a wurin masu ba shi kaya. Wannan tsayawar sau da yawa ta fi tsabar kuɗi amfani.

TAMBAYA: 'Yata tana aji huɗu na sakandare, tana son aikin jinya. Ni da mahaifinta ba mu yi boko ba, ba mu san yadda za mu taimaka mata ba. Daga wata uwa, Idi-Araba.

AMSA: Hajiya, kin yi tambayar a kan lokaci. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana nan unguwarku, don haka da wuya a rasa ma'aikaciyar jinya ko ɗaliba a cikin maƙwabta ko a Islamiyyarku. Ki nemi mace mai mutunci, ki je da kanki ki roƙe ta abu ƙarami wanda za ta iya cikawa: zaman awa ɗaya sau ɗaya a wata, a gidanki ko nata, da saninki. Yarinyar ta riƙa zuwa da takardar sakamakonta da tambayoyi a rubuce, domin zaman da babu tambaya hira yake komawa.

Abu na farko da za su duba shi ne darussa. Karatun jinya a jami'a yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis. A JAMB kuma Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fizis ake rubutawa. Yara da yawa sai sun kai aji shida suke gano an sa su a ajin da ba na kimiyya ba. Ki je makarantar a wannan zangon ki tabbatar da ajin da take, idan kuma tana da rauni a Lissafi ko Kimistiri a nema mata darasin yamma tun bana.