Me ya sa masu bincike ke son jin amsa daga bakin yarinya, alhali uwarta na nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 11 tana fama da sikila. A asibitin da ake duba ta an nemi mu shiga bincike kan ingancin rayuwar yara. An ba ni takardar tambayoyi, ita ma an ba ta tata, aka ce kada in taya ta cikewa. Ni da nake kwana a kanta in ciwo ya tashi, ai na fi ta sanin halin da take ciki. Me ake aunawa, kuma me ya hana a wadatu da amsata?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi.

Gwajin jini yana nuna wa likita yadda jikinta yake, amma ba ya faɗa masa ko tana iya wasa da ƙawaye, ko tana kwana da fargabar ciwo zai dawo. Wannan giɓin ake son cikewa.

Ɗaya daga cikin ma'aunan da aka fi amfani da su shi ne PedsQL, wanda James Varni ya tsara a Amurka don yara daga shekara 2 zuwa 18. Tambayoyi 23 ne: 8 kan ƙarfin jiki (gudu, ɗaukar kaya, jin ciwo, kasala), 5 kan halin zuciya (tsoro, baƙin ciki, fushi, rashin barci), 5 kan zama da sauran yara, 5 kan makaranta. Kowace tambaya kan wata ɗaya da ya wuce take, kuma ana zaɓar amsa daga 0, wato bai taɓa zama matsala ba, zuwa 4, wato kusan kullum. Sai a juya lissafin: 0 ya zama maki 100, 1 ya zama 75, 2 ya zama 50, 3 ya zama 25, 4 ya zama sifiri. Misali, in ta amsa 1, 2, 2, 3, 4 a sashen makaranta, makinta 75, 50, 50, 25, 0, jimla 200 ke nan, a raba biyar, ta sami 40 cikin 100. Yawan maki yana nufin rayuwa ta fi daɗi. In aka tsallake fiye da rabin tambayoyin wani sashe, ba a fitar masa da maki kwata-kwata. Akwai kuma KIDSCREEN da aka haɗa a Turai don 'yan shekara 8 zuwa 18, mai tambayoyi 52, ko 27, ko 10, shi kuma kan mako ɗaya yake tambaya.

To, batun amsarki. Ba raina ta aka yi ba, shi ya sa ma aka ba ki taki takardar. Sai dai an daɗe ana kwatanta amsar iyaye da ta 'ya'yansu, kuma abin da ake ta gani shi ne: bakinsu yakan zo ɗaya kan abin da ido ke gani, kamar tafiya da fashin makaranta, amma su saɓa kan abin da ke cikin zuciya. Iyayen yaro mai ciwon da ya daɗe sukan ba shi maki ƙasa da wanda yake ba kansa, domin uwa daren da aka kwana a asibiti take tunawa, yaron kuwa ya saba da jikinsa, ya samo hanyar jin daɗinsa. Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ya fi damun mu: yarinya ta ɓoye tsokanar da ake yi mata a aji don kada ta ƙara wa uwarta nauyi, uwa ta rubuta cewa lafiya lau. Saɓanin amsoshin nan biyu shi kansa sakamako ne da mai bincike ke buƙata. In kika gyara mata amsa, ya ɓace.

Ko zamanki kusa da ita ya isa ya canza abin da za ta zaɓa, don za ta riƙa satar kallon fuskarki. Ki ba ta wuri. In wata kalma ta shige mata duhu, ma'aikacin binciken ne zai sake karanta mata tambayar kamar yadda take, ba tare da ya yi mata fashin baƙi ba. Yara 'yan shekara 5 zuwa 7 ma da kansu suke amsawa, ta nuna ɗaya daga fuskoki uku, mai murmushi, ta tsakiya, da mai ɓacin rai. Sai ƙasa da shekara 5 ne ake dogara da iyaye kaɗai.

Makin da zai fito ba gano cuta ba ne. An tsara shi ne don a kwatanta rukunin yara, ko a ga yadda yaro ɗaya ke sauyawa daga lokaci zuwa lokaci. Bambancin da bai kai maki 4 zuwa 5 ba a jimlar PedsQL, galibi ba a ɗaukarsa sauyi na gaske. Kuma takardar da aka cike kwana kaɗan bayan ciwo ya tashi takan fito da ƙaramin maki, don haka ki sanar da su in hakan ta faru.

Kafin ki sa hannu, ki tambayi ko kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya amince da aikin, wa zai ga amsoshin, da abin da za su yi in ta faɗi wani abu da ke nuna tana cikin haɗari. Bayan izininki, ita ma sai an yi mata bayani daidai fahimtarta an nemi yardarta. In ta ce ba ta so, ko kuka janye a tsakiya, hakan bai kamata ya taɓa maganin da ake ba ta ba.