Kafin ka zuba magani, auna gishirin ruwan nan tukuna

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena na Mamobi, nan Accra, na saurari muryarka har sau biyu, na kuma ga hoton da ka turo. Ka ce murjaninka masu rai da kake kiwo a tankin ruwan gishiri sun yi kwana huɗu ba su buɗe ba, ga wasu abubuwa ruwan ƙasa masu gashi-gashi sun tsiro a jikin dutse, kana tambaya wane magani za ka zuba. To ni ba maganar maganin ce ta tsaya mini a rai ba. Can ƙarshe-ƙarshe na ji ka ce wai duk lokacin da ruwa ya ragu, sai ka haɗa ruwan gishiri ka cika. Nan gizo ke saƙar.

Ruwa ke tashi, gishiri ba ya tashi. Idan miya ta sha wuta ruwanta ya ƙone, gishiri uwar gida ke ƙarawa? Ruwa take ƙarawa mana. Tankinka ka ce lita 60 ne. A ce lita ɗaya ke tashi kullum, ga hunturun nan da ya busar da komai, kai kuma kana mayar da lita ɗaya mai gishiri, cikin sati biyu gishirin ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ina murjani zai buɗe? Ruwan teku kusan giram 35 ne na gishiri a lita, a ma'auni kuma 1.025 ko 1.026 ake nema. Ka samu rifraktomita, ma'aunin gishirin ruwa, ka auna, kada ka ce za ka gane da harshe. Idan ka ga ya haura, kada ka sauke shi rana ɗaya, girgizar za ta fi gishirin illa. Kullum ɗebi kofi biyu ko uku ka mayar da ruwa zalla, a hankali, har ya dawo.

Ruwa zalla kuma ba na famfo nake nufi ba. Na famfo akwai kulorin a ciki, ga shi yana kwana a tankin saman gida ko a jarka, wa ya san abin da ya kwaso. Ka sayi piya wata, ruwan leda... a'a, tsaya, ba kowane piya wata ba, na yi saurin magana. Wasu da injin RO, mai cire har abin da ya narke a ruwa, suke tacewa, wasu tacewa ce kawai ta sama-sama. Akwai ɗan ma'aunin TDS kamar biro, mai nuna yawan abin da ya narke a ruwa, ka tsoma, sifili ake so ko dab da sifili. Mai kyau ga cikin mutum daban, mai kyau ga murjani daban.

Kuma don Allah, don Annabi, kada wani ya ce maka ga teku nan kyauta. Ni an yi mini. Mutumin da ya sayar mini da duwatsuna na farko, ba zan kama sunansa ba, shi ya ce wai me zan yi da gishirin buhu mai tsada alhali muna zaune bakin teku. Na tashi bayan sallar asuba da galan Kufuor, manyan jarkokin nan, guda biyu na nufi bakin teku wajen Jamestown, na shiga ruwa har gwiwa, na cika, na biya mota ta kawo ni gida ina murna. Ban tsaya na yi tunani ba cewa babban gwatan Nima ɗin nan namu cikin kogin Odaw yake zuba, Odaw ya zuba cikin tafkin Korle, Korle ya amayar cikin tekun nan da na ɗebo. Kwana uku ruwa ya yi fari kamar an dama koko. Kifayena biyu masu ratsin lemo da fari, waɗanda suka saba tasowa su karɓi abinci a bakin yatsana, na tarar da su da safe kwance a kan yashi, bakinsu a buɗe. Na koma wurin mutumin, wallahi ko jaje bai yi mini ba, sai cewa ya yi wai abinci na cika musu. Abinci! Ni da nake auna shi da kan tsinken sakace. Har ya so ya ƙara sayar mini da wata kwalba wai tana wanke ruwa. Har yau idan na bi ta layin nan ba na ɗaga kai. To, a bar wannan.

Abin da ya tsiro a dutsen naka, daga hoton, aiptasiya ce, wata 'yar halittar ruwa mai harbi. Tana harbin murjanin da ke kusa da ita, ita ma tana iya hana su buɗewa. Kada ka kankare ta, kada ka cire ta da hantsaki, ɗan guntun da ya rage sabuwa zai zama. Ka kashe injin kaɗa ruwa, ka ɗauki sirinji, ka ɗiga mata ruwan lemon tsami ko kwaɓin kalkwasa, wani farin garin kalsiyam na masu tanki, daidai bakinta. Biyu ko uku a rana, kada ka wuce, tankin ƙarami ne, ɗayan tsami ne ɗayan kuma kaifi, duk suna juya ruwa. Idan dutse ɗaya ne kawai kuma babu murjani a jikinsa, fitar da shi waje ka huta. Maganin kifi mai tagulla a ciki kuwa, ko kusa, yana kashe murjani da jatan lande, dutse kuma ya shanye shi ya riƙe.



Zafi fa? Ba ka faɗa ba. Tsakanin digiri 25 da 27 ya kamata, idan ya kama 30 murjani sai ya fara kodewa. Ɗakunan Mamobi da rufin kwano, ai ka san yadda azahar take. Sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, sai dai ruwan zai ƙara saurin tashi, mun dawo maganar farko ke nan. Ka ajiye injin iska mai batir saboda dumso, wato ɗauke wuta, tun 2015 na koyi wannan, idan ruwa ya tsaya cik numfashi ke fara ƙarewa kafin komai. A gaya wa mutanen gida kada a fesa maganin sauro a ɗakin.

Ka auna yau bayan la'asar, gishiri da zafi, ka turo mini lambobin nan cikin gida kowa ya gani. Kada ka sayi komai sai na gani.