Aksil ɗin tsohuwar Hilux yana kuka, an ɗaure noti sai ya ɗau zafi: a canza ko a gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar Hilux a-kori-kura, fowil, wato mai ja da taya huɗu, ƙirar shekarun 1980, wadda na gada daga mahaifina. Da ita nake kai hatsi kasuwa, wani lokaci har mutanen ƙauyenmu nake ɗauka a baya. Wata biyu ke nan aksil ɗin baya yana kuka, musamman in na ɗaga ƙafa daga totur. Na kai wa makaniki, ya sauke farfela, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa aksil, ya zura bututu a hannun sifana ya ƙara ɗaure notin da ke hancin aksil, ya ɗura giris a ciki. Kukan ya yi shiru kwana huɗu, sai ya dawo ya fi na da. Yanzu ko kilomita goma na yi wurin ba ya taɓuwa don zafi, ga warin ƙuna. Wasu sun ce in sayi aksil ɗan Baljiyam gaba ɗaya in ɗora, wasu sun ce a kwance wannan a gyara. Burina in gyara shi har da fenti, motar ta koma kamar zamanin Baba. Hankalina a tashe yake, ina tsoron wata rana ta yi mini wani abu da mutane a baya. Daga wani mai karatu a ƙasar Malumfashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, tsoron nan naka a kan hanya yake. Ka ajiye motar tun yau, kada ta sake ɗaukar ko buhu ɗaya balle mutum. In garejin da za a kai ta yana da nisa, a ɗauke ta a kan wata mota, domin ko janta aka yi tayoyin baya za su juya finiyan, wato ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke cikin hancin aksil, wanda ya riga ya ƙone.

Kukan da ke tashi lokacin da aka saki totur galibi daga boris ɗin finiyan ne, sun ci sun yi lako-lako. Da kukan ya fi tashi in ka taka totur, da sai in fi zargin haƙoran finiyan da na kirawun, wato babban faifai mai haƙora da finiyan ke juyawa. Gurnanin da ke sauya murya in ka karya kwana kuwa, wannan boris ɗin taya ne. Ka ga ke nan tun farko ciwon motarka ƙarami ne: boris biyu, oyil sil ɗaya mai hana mai tsiyaya, da wani ɗan zoben ƙarfe. Abin da aka yi mata a gareji shi ya mai da shi babba.

Wannan magana ta “a ƙara ɗaure noti kuka zai tafi” ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da wuya mako ya wuce ban ga aksil ɗin da aka yi wa wannan gyaran gangar Auzinawa ba. Notin finiyan ba noti ba ne da za a ce iya ƙarfinka iya alherinka. Finiyan yana zaune ne a kan boris biyu masu siffar mazurari, suna fuskantar juna. A tsakaninsu akwai wani siririn zoben ƙarfe da aka ƙera musamman don ya lotsa kaɗan-kaɗan yayin da ake ɗaure noti. Ana ɗaurewa ana tsayawa ana gwadawa, har boris ɗin su kama daidai gwargwado. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin da finiyan ke buƙata kafin ya fara juyawa, kuma a irin aksil ɗinka wannan bai wuce 1 zuwa 2.5 ba a awon ƙarfin juyi da ake kira nyuton-mita, gwargwadon samfuri da kuma ko boris ɗin sababbi ne ko tsofaffi. Ƙarfi ne da yatsu biyu ke iya bayarwa. Shi kuwa notin kansa ana ɗaure shi da ƙarfin da ya haura nyuton-mita 100. Tazarar da ke tsakanin daidai da ɓarna ba ta kai kwatan zagaye ba. To ka faɗa mini, wanda ya zura bututu mai tsawon kamu biyu ya hau kai da nauyin jikinsa, da me ya auna?

Dalilin da ya sa mutane suka yarda da wannan aiki shi ne yana yin kamar ya yi magani. Da an matse, wasan da ke cikin boris ya ɓace, kuka ya lafa, mai mota ya biya ya yi godiya ya tafi. Amma boris ɗin da ya riga ya ci, yanzu an ƙara masa matsi. Yana gogar kansa yana ɗaukar zafi, ƙarfen ya koma shuɗi, oyil sil ya ƙone ya taurare, mai ya fara tsiyaya. Kwana huɗun da ka samu na shiru, kwanakin da boris ɗin ya ɗauka yana cinye kansa ne. Ƙarshensa ƙwayoyin boris su narke su manne, finiyan ya ƙi juyawa, tayoyin baya biyu su cije lokaci guda kamar an ja birkin hannu kana tsakar gudu. Wani lokaci farfela ce ke tsinkewa ta caki ƙasa. An taɓa jawo mini wata a-kori-kura daga hanyar kasuwa, ta juya ta kwanta a gefen titi da buhunan masara da mutane a kai. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wani dattijo ya karye a cinya. Da muka buɗe aksil ɗin, sai da muka yanka boris ɗin kafin ya rabu da finiyan. Direban ya ce mako ɗaya da ya wuce aka “ɗaure masa noti”.

Kuma kada wani ya ce maka tunda ya matse da yawa, a ɗan sassauta shi ke nan. Zoben nan in ya lotsa ya lotsa, ba ya dawowa. In aka sassauta noti, finiyan zai riƙa rawa, noti ya kwance da kansa a hanya. Littafin gyara na kamfanin ma cewa ya yi in an wuce ƙa'ida a sa sabon zobe a sake daga farko.

Sai batun giris, wanda shi ma ɗan gidansu ne. Finiyan a wannan aksil yana shiga ne ƙasa da tsakiyar kirawun, don haka haƙoransu ba birgima kawai suke yi ba, suna gogar juna ƙarƙashin nauyi mai yawa. Shi ya sa ake zuba man giya mai lamba GL-5, kauri 90 ko 85W-90, kusan lita biyu, har ya kawo bakin ramin zubawa. Kirawun ne ke ɗebo man nan yana watsa shi gaba zuwa boris ɗin finiyan. Giris ba ya gudana. Haƙora su ture shi gefe su buɗe hanya, ya manne a bango, boris ɗin gaba ya zauna da ƙishi. Kunnenka ya huta, ƙarfe yana ci. Haka masu zuba baƙin man da aka juye daga inji, da marasa tsoron Allah da ke zuba garin katako don mota ta yi shiru har a sayar. Ina kira ga 'yan'uwana makanikai, mu ji tsoron Allah. Mai mota bai san abin da ke cikin aksil ɗin nan ba, amana ya ba ka. Matan da ke zaune a kan buhu da goyo a baya ba su san sunanka ba, amma rayukansu sun bi ta hannunka. In ba ka da ma'aunin juyin finiyan, ka ce ba ka da shi, ka tura shi wurin mai shi. Faɗin “ban iya ba” bai taɓa hana kowa arziki ba. Ku ma masu mota da laifinku, kun fi son wanda zai sallame ku cikin minti talatin a kan wanda zai ce a bar motar kwana biyu.

Yanzu ga tambayarka. Ba na ganin sai ka sayi aksil gaba ɗaya. Alherin wannan Hilux shi ne tukunyar aksil, wato gidan da kirawun da finiyan ke ciki, tana fita sukutum ta gaba: a juye mai, a kwance bututun birki da notuna huɗu da ke bayan kowace taya, a zaro shaf biyu, wato sandunan da ke kai juyi ga tayoyi, a kwance notuna goman da ke kewaye da tukunyar, ta fito a ɗora ta a kan benci. In kwangon aksil ɗin bai lanƙwashe ba, bai tsage ba, ka bar abin Baba a wurinsa. A duba haƙora. In suna da santsi, babu ɓalli babu shuɗin ƙuna, to sababbin boris, zobe, oyil sil da noti sun isa. In sun ƙone, kirawun da finiyan tare ake canza su, domin tun a masana'anta aka goga su da juna, na wannan ba ya zama da na wancan. Wajen haɗawa, wasan da ke tsakanin haƙora milimita 0.13 zuwa 0.18 ne, da agogon awo ake ganinsa, sannan a shafa ɗan launi a haƙora a juya a ga inda suke haɗuwa, ya kasance tsakiya. Ka tambayi makaniki tun kafin ya taɓa: yana da agogon awo? Yana da ƙaramin ma'aunin juyi? In ya ce hannunsa ya san aiki, ka ɗauki kayanka.

In kuɗin sababbin haƙora ya fi ƙarfinka, ka nemi tukunya 'yar Baljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, amma a nan akwai tarko, tunda motarka fowil ce. Dole lissafin giyar baya ya yi daidai da na gaba. Ka ƙirga haƙoran kirawun ka raba da na finiyan: 41 da 10 shi ne 4.10, 43 da 10 shi ne 4.30, 41 da 9 shi ne 4.56, 39 da 8 kuma 4.88. Duk ana samunsu a Hilux, kuma daga waje kamanninsu ɗaya. Ka ƙirga na tsohuwar tukunyarka da idonka, ka ƙirga na wadda za ka saya a gaban mai shago. In ba a buɗe aksil ɗin ba, a riƙe taya ɗaya, a juya ɗayar sau 20, a ƙirga zagayen hancin finiyan. Zai ba ka 41, 43, kusan 46 ko kusan 49, wato lissafin giyar sau goma. In ka sa wanda bai dace ba, ranar da ka jefa fowil gaba da baya za su riƙa jayayya har wani abu ya karye a giya.

In kuwa ya zama dole sai aksil ɗungurungum, ka tafi da tef. Ka auna faɗi daga mazaunin taya zuwa mazaunin taya, da tazarar kujerun sifirin. Na fowil notin tayarsa shida ne kuma sifirin a samansa yake zama, wanda ba fowil ba biyar ne, sifirin a ƙasa. Ka ƙwanƙwasa kujerun sifirin da guduma, don gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cinye su ta ciki. Ka sa sababbin yubol, wato ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksil, a yi ɗaurin ƙarshe bayan an sauke mota a ƙasa, a sake dubawa bayan tafiya biyu ko uku da kaya. Akwai kuma wani ɗan sandan ƙarfe da ya tashi daga aksil zuwa bawul ɗin birki a jikin shasi, shi ke daidaita birkin baya da nauyin kaya. Da yawa suna yar da shi wai ba ya aikin komai. A mayar da shi.

Tunda shaf sun fito, a canza boris ɗin taya da oyil sil ɗinsu, a sa sabon zoben riƙo, a yi aikin da injin matsi. Kada a gasa shaf da wutar walda, kada a doke shi da guduma, domin wannan zoben na cikin abin da ke hana taya ficewa da shaf ɗinta.

Fenti shi ne mai sauƙi, kuma shi ne na ƙarshe. A wanke maiƙo tas, a kankare tsatsa da buroshin waya, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, in ya bushe a bi da baƙi hannu biyu. A rufe mazaunin oyil sil, da zaren kusoshi, da fuskar da taya ke zama. In da feshin yashi za a wanke, a toshe kowace kafa sannan a wanke cikin kwangon sosai, ƙwayar yashi kaɗan ta isa ta kashe sababbin boris. Sannan ka kula da ɗan bututun numfashi da ke saman aksil, a cire shi a wanke kada fenti ya toshe shi. In ya toshe, iska mai zafi za ta turo mai ta oyil sil ya jiƙa birki.

Bayan an haɗa, ka yi kilomita goma babu kaya, ka tsaya ka taɓa hancin aksil. Ɗumi ba laifi, amma in ya fi sauran tukunyar zafi nesa ba kusa ba, a koma benci. In an sa sababbin haƙora, ka lallaɓa ta wajen kilomita 800 da kaya marasa nauyi, sannan ka juye man ka duba maganaɗisun da ke kan notin juyewa. Laushin baƙin gari ba komai, ɓarɓashin da yatsa ke ji kuwa, ka sake rubuto mini kafin ka ɗauki kowa a baya.