Amsa ga ɗan uwa da ThingsBoard ɗinsa ke ta mutuwa

Ɗan uwa wallahi na ji maka, ka ce ka girka ThingsBoard, manhajar tattara bayanan na'urori da nuna su, a saba mai Ubuntu, shafin na buɗewa a tashar 8080 sai can ya ɗauke, ita kuma ESP32, ƙaramar na'urar da za ta riƙa turo bayanan, ta ƙi haɗuwa sam. Ni ma na sha wannan azabar.

Tukunna nawa ne ram ɗinka? In 1GB ne to ga ɓarawon nan. ThingsBoard da Java yake aiki, ga PostgreSQL, rumbun da yake ajiye bayanai, a gefe yana cin nasa, da zarar ram ya cika Linux da kansa zai kashe shi ba ko sallama. Buga dmesg ka nemi layin Killed process, in ka ga java a wurin shi ke nan. Ka ƙara ram ya kai 4GB, in ba hali ka shiga /etc/thingsboard/conf/thingsboard.conf ka rage Xmx, wato iyakar ram ɗin da Java zai ci, sannan ka yi swap, wato aron wani ɓangare na diski ya taimaka wa ram, zai lallaɓa dai.

Amma don Allah kafin komai ka riƙa yin bakof ɗin PostgreSQL da pg_dump kana kwashe shi zuwa wata na'ura daban. Ni wani na biya ya girka min da Docker, manhajar da ke gudanar da manhajoji a killace, mutumin sai cika baki, wai shi ya ƙware ba sai na sa ido ba. Ranar da ya zo sabuntawa ya buga docker compose down -v, wannan -v ɗin ta share volume ɗin, wato ma'ajiyar bayanan, gaba ɗaya, bayanan zafin ɗakin sanyi na watanni da muke tarawa suka tafi, kuma ba bakof ko ɗaya. Washegari mai aikin ya ce in nuna masa jadawalin watan jiya, na buɗe dashbod yana tsaye a kaina, fari fat, ko na'ura ɗaya babu, hannuna na rawa a kan linzami ina ta rifresh kamar zai dawo. Na kira mutumin ya ce ai laifin sabar ne, daga nan ya daina ɗaga wayata. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, ko haƙuri bai ba ni ba fa.

Batun ESP32 kuwa, MQTT, hanyar da take tura saƙo, a tashar 1883 yake, ka buɗe ta a ufw, fayawol ɗin Ubuntu, kuma ka duba fayawol ɗin kamfanin da ka hayi sabar don nasu daban ne. In ka taɓa sa Mosquitto, wata manhajar MQTT, a sabar wataƙila shi ya riƙe tashar, ss -tlnp zai tona shi. Access token ɗin na'urar, wato mabuɗin da ThingsBoard ya ba ta, a gurbin yuzanem ake sa shi, a bar fasuwod ba komai, a tura zuwa v1/devices/me/telemetry.

Au, ka canza fasuwod ɗin babban asusun ThingsBoard, sysadmin@thingsboard.org, yau ɗin nan, duk duniya ta san fasuwod ɗin da yake zuwa da shi sysadmin ne.

In ya sake faɗuwa ka kwafo mana ƙarshen /var/log/thingsboard/thingsboard.log mu duba tare.