Katsina zuwa Jidda, awa nawa ne a sama?

Tambaya: Malam barka da aiki. Mahaifiyata ce za ta sauke farali, ba ta taɓa hawa jirgi ba kuma ƙafarta na kumbura in ta daɗe a zaune, don Allah daga Katsina zuwa Jidda awa nawa ne? Daga wata 'yar uwa a Daura.

Amsa: Malama Allah ya kai Hajiya lafiya. Daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua zuwa Jidda wajen kilomita 3,500 ne in an miƙe, jirgi kuwa yana cin kamar kilomita 850 a awa, kin ga awa huɗu da 'yan mintuna kenan, in an haɗa da tashi da sauka ya kai huɗu da rabi zuwa biyar. Amma fa da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 aka rufe samaniyarsu sai da jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙaru da wajen awa biyu, don haka ta shirya wa doguwar.

Sai agogo, Saudiyya ta riga mu da awa 2, kar ki ga lokacin sauka a tikiti ki firgita.

Ƙafa kuma ki roƙa mata kujerar bakin hanya, ta sa silifas mai sakewa, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa, ba mai hana ta in dai fitilar da ke nuna a ɗaura bel a kashe take.