Tambayi Likita: Sankarau da Kumburin Ƙwaƙwalwa

Daga Disamba zuwa Yuni, tambayoyin sankarau ne suka fi yawa a saƙonnin da nake samu. Ga waɗanda na zaɓo a wannan makon.

Likita, da gaske ne zafi ke kawo sankarau? Daga wani magidanci a Birnin Kebbi.

A'a Malam, ƙwayar cuta ce. Ƙura da busasshiyar iska suna farfasa cikin hanci da maƙogwaro, cunkoson ɗaki kuma ya sa ta tashi daga wannan ta faɗa wa wancan. Ku buɗe taga, ku rage yawan masu kwana ɗaki ɗaya.

An yi wa yarana allurar sankarau shekarun baya. Shike nan sun tsira? Daga wata uwa a Gusau.

Ba lallai ba, Hajiya. Allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar a 2010, a Najeriya a 2011, nau'in ƙwayar cutar da ake kira A kaɗai take tarewa. Annobar da ta faɗa wa Zamfara da Sakkwato a 2017 nau'in C ce. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai tare nau'i biyar. Idan masu rigakafi sun zo unguwarku, ki fito da su.

Ni ɗalibi ne a makarantar koyon aikin lafiya. Na ji ana sa wa zomaye da ɓeraye sankarau da gangan. Mene ne amfanin haka ga ɗan Adam?

Na ji daɗin tambayar nan, ɗana, domin amsarta ta shafi kowane gida. Ba yadda za a yi a buɗe kan yaro mai sankarau a zauna ana kallon abin da ke faruwa awa bayan awa. Shi ya sa tun shekarun 1970 masana a Amurka suka koma kan zomo. Ana sa shi barci, a zuba ƙwayar cutar cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwarsa ta wajen ƙeya, sannan a riƙa ɗiban ruwan kaɗan-kaɗan ana aunawa.

A 1985, Elaine Tuomanen da abokan aikinta a Jami'ar Rockefeller ta New York suka gano abin da ya sauya tunanin likitoci. Sun zuba wa zomaye ɓawon numokokas kawai, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke kawo sankarau, ba ƙwaya mai rai ko ɗaya, amma kumburi ya tashi. Ashe ba ƙwayar ce kaɗai ke ɓarna ba, har da martanin jikin mutum. Fararen ƙwayoyin jini suna tururuwa zuwa wurin, suna fesa sinadaran kashe cuta, sinadaran kuma ba sa bambance maƙiyi da naman ƙwaƙwalwa. Kamar a yi dambe ne cikin ɗakin da aka jere tangaran. Ƙwaƙwalwa ta kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa, sai ƙananan jijiyoyin jini su matse, wani sashe ya rasa jini ya mutu.

A Bern ta ƙasar Suwizalan kuma, jariran ɓeraye aka yi amfani da su. An ga cutar tana kashe ƙwayoyin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da koyo da riƙe abu. Ɓerayen da suka warke, idan aka sa su cikin kwandon ruwa su nemo tudun da aka ɓoye, sun fi 'yan uwansu daɗewa kafin su riƙe hanya. Wannan ya yi mana bayanin yaron da ya tashi daga sankarau amma hadda ta gagare shi, ana ta dukansa a makarantar allo ana cewa daƙiƙi ne. Ba daƙiƙanci ba ne, tabon ciwo ne, kuma ina roƙon malamai su sassauta.

Sai dai dabba ba mutum ba ce. Meningokokas, ƙwayar sankarau da ta fi addabar yankinmu, mutum kaɗai take kamawa, har sai an sauya wa ɓera wasu ƙwayoyin halitta kafin ta zauna a jikinsa yadda ya kamata. Kuma aikin yana da doka: sai kwamitin sa ido ya amince, sai an rage wa dabbar raɗaɗi. Babban darasin shi ne ɓarnar tana faruwa cikin awoyi. Mai zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba ya jiran gari ya waye.

Ɗiyata ta warke daga sankarau amma ta daina ji. Kakarta ta ce alluran asibiti ne suka kurumtar da ita. Daga wani uba a Maraɗi.

Allah ya ba ta lafiya, Malam. Ka gaya wa Inna cikin ladabi cewa ciwon ne. Seftiriyazon, allurar da aka fi yi wa mai sankarau, ba ta kurumtarwa, ita ce ma ta ceci ran yarinyar. A jikin zomaye da ɓeraye an bi sawun cutar, an ga tana bin wata siririyar hanya daga ruwan ƙwaƙwalwa zuwa can cikin kunne, ta lalata ƙananan gasun da ke karɓar sauti. Bayan haka wurin na iya daskarewa ya zama ƙashi, shi ya sa jinkiri ke rage abin da za a iya yi. Ka kai ta wurin likitan kunne cikin makonnin nan. Masu karatu na Najeriya, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Kada a ɗiga mata man zafi, ko ruwan albasa, ko wani jiƙo a kunne.

Mai kemis ɗin layinmu ya ce deksa na sauke kumburin sankarau. In ajiye a gida saboda yara?

Wallahi irin wannan shawarar na ɓata mini rai. Kada ki saya. Gaskiya ne binciken zomaye ya nuna deksa, wato maganin deksametazon, na rage kumburin ƙwaƙwalwa, kuma gwajin da aka yi wa manya 301 a Turai, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna mace-mace sun ragu daga kashi 15 zuwa kashi 7 cikin ɗari. Amma ta jijiya aka ba su, a gadon asibiti, tare da allurar farko ta maganin kashe ƙwayar cutar. Da aka gwada a Blantyre ta Malawi, kan yara a 2002 da manya a 2007, ba a ga amfaninsa ba. A jariran ɓeraye ma ya ƙara kashe ƙwayoyin sashen koyo. Idan likitoci na taka-tsantsan haka, ina ga mai kanti? Deksa shi kaɗai yana danne garkuwar jiki, ya ɓoye zazzaɓi, ke kina ganin sauƙi ya samu, cutar kuwa tana ci gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 6 da suka kamu da sankarau na ƙwayar bakteriya 1 na rasuwa, kuma tana iya kisa cikin awa 24. Asibiti, Hajiya, ba kemis ba.

Jaririna na zazzaɓi, ya ƙi nono, maɗigarsa ta kumbura. An ce a yi masa hayaƙi a shafa magani a kan, wai a asibiti za a ɗebi ruwan bayansa ya shanye.

Ajiye wayar nan ki ɗauke shi yanzu, 'yata. Jariri ba lallai wuyansa ya sanƙare ba, kumburin maɗiga da ƙin nono sun isa alama. Hayaƙi zai shaƙe shi, shafe-shafe kuma ba ya ratsa ƙashi. Ɗiban ruwan baya ba ya shanye ƙafa: allurar tana shiga ƙasa da inda laka ta ƙare, ruwan da ake ɗiba kaɗan ne, jiki na mayar da shi cikin awoyi. Yaran da aka ce sun shanye ko sun rasu bayan ɗiban, ciwon ne ya riga ya ci ƙarfinsu kafin a kawo su. Idan ya fara jijjiga a hanya, ki kwantar da shi ta gefe, kada a cusa cokali, kada a ɗura masa komai. A yi addu'a ana tafiya, kuma da isarki ki ce wa ma'aikaciyar jinya kina zargin sankarau, don kada a sa ki bin layi.