Kunnen Ɗana Ya Daina Ciwo, Amma Yana Zubar Da Ruwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana mai shekara 4 ya yi mura da hunturun nan, ya kwana biyu yana kuka riƙe da kunnen dama. Ciwon ya lafa, sai na wayi gari na ga ruwa mai kauri a kan matashinsa. Kakarsa ta ce in ɗiga masa man zaitun. Yau mako uku ke nan bai tsaya ba. Ina mafita?
Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba shi lafiya.

Lafawar ciwon nan ita ke yaudarar iyaye. Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki da siririyar hanya ta haɗa shi da bayan hanci. A yara hanyar gajera ce kuma a kwance take, shi ya sa mura ke saurin toshe ta. Sai mugunya ta taru tana danna dodon kunnen, kukan da kika ji ke nan. Da ya huje, mugunya ta samu mafita, zafi ya sauka. Ba warkewa ya yi ba.

Ki ba Kaka haƙuri, ban da man zaitun. Duk abin da aka ɗiga yanzu ciki zai zarce. Haka maganin ɗigawa na kemis: wasu, irin su gentamicin, na iya lalata ji idan akwai huji. Ina takaicin yawan yaran da ake kawo mana an sosa musu kunne da gashin kaza ko tsinken ashana.

Ki riƙa goge bakin kunnen da tsaftataccen ƙyalle. Lokacin wanka ki shafa wa auduga basilin ki toshe, kada ruwa ya shiga.

Tunda ya wuce mako biyu, ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Shika. Za a haska cikin kunnen, a tsotse mugunyar, a ba shi maganin da ya dace, a kuma gwada jinsa. Ƙaramin huji kan haɗe da kansa cikin 'yan makonni idan kunnen ya bushe. Wanda ya ƙi, ana yi masa faci da tiyata.

In kuwa kika ga kumburi a bayan kunnen, ko zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko baki ya karkace, ko da tsakar dare ne ki ɗauke shi ku tafi.